Ƙanzo a Cikin Inji: Yini Guda Tsakanin Samaru da Sabon Gari

Jar fitilar nan mai kama da butar shayi ta fara ƙyafta mini ido ne a tsakiyar hunturu. In na tayar da mota da sassafe sai ta kama, ta yi jim, ta mutu. In na tsaya inji yana aiki a hankali, sai ta sake leƙowa. Na zaro geji na duba, mai yana nan a cike, na ce to, wata waya ce ta kwance. Kwana huɗu ina wannan yaudarar kai. Ran na biyar inji ya soma wata ƙara daga sama, kas-kas-kas, kamar keken ɗinkin da ya daɗe bai ga mai ba.

Motar tsohuwa ce, 'yar Kwatano, shekararta shida a hannuna. A Samaru nake zaune, a nan nake aiki, don haka zirga-zirgarta ba ta wuce makarantar yara, ofis, kasuwa, sai masallacin Juma'a. Har alfahari nake yi cewa ba ta shan wahala. Juye kuwa a bakin titi nake yi, wurin wani yaro mai fara'a da ke auno mai daga jarka. Abu biyu suka riƙe ni a wurinsa. Na farko sauƙin kuɗi, musamman bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, lokacin da galan ɗin baƙin mai ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu kafin a saya. Na biyu, mansa ba ya saurin yin baƙi. Wata biyu da juye, ka zaro geji ka gan shi garau kamar man gyaɗa. A wurina wannan ita ce shaidar nagarta.

Ina tsaye bonet a buɗe sai ga maƙwabcina ya fito shan hantsi. Dattijo ne, ya koyar da ilmin haɗa sinadarai shekara da shekaru kafin ya yi ritaya, duk layin Malam muke ce masa. Ya saurari ƙarar, ya shiga gida ya fito da farar takarda mai ɗan kauri, ya karɓi gejin ya ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiyarta, ya ɗora ta a kan tagar zaurena ya danne gefe da tsakuwa.

"Bar ta nan," in ji shi. "In mun dawo za ta ba mu labari."

"Malam, ina za mu?"

"Sabon Gari mana. Wannan ƙarar ta fi ƙarfin bakin titi."

Da na san abin da na sani yanzu, da janwe na nema. Amma rashin sani ya fi dare duhu, na tayar da mota muka kama titin Sakkwato, ina lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai.

Hazo ya sauko har ba a hango ƙarshen katangar Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibai sun dunƙule cikin rigunan sanyi suna jiran bas, 'yan acaɓa sun naɗe fuska sai idanu. Samaru gari ne da bincike ya raina: tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan, jami'a ta zo a 1962 ta same ta. A takarda ma Samaru cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari take, amma ɗan Samaru in zai je unguwar PZ cewa yake zai shiga gari, kamar mai shirin bulaguro. Ni kaina na yi wata uku rabona da wuce Kwangila.

"Malam," na ce, "motar da ko Kaduna ba ta zuwa, me zai cinye ta?"

"Rashin zuwa Kadunar."

Na ɗauka wasa yake, sai ya gyara zama. Ya ce duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda. Yawancinsa ta salansa yake fita a matsayin tururi, shi ne ɗigon da ake gani yana zuba da safe. Sai dai zobban fistan ba su taɓa toshe hanya gaba ɗaya ba. Kullum akwai hayaƙin da ke sulalewa ƙasa zuwa inda mai yake kwance, ɗauke da tururi, da fetur ɗin da bai ƙone ba, da kunkunniya, da iskokin da in suka haɗu da ruwa suke zama asid. In inji ya yi zafi sosai, mai ya kusanci digiri 100, ruwan da fetur ɗin sai su ƙafe su fice. In kuwa tafiyar minti bakwai ce cikin sanyin hunturu, kafin mai ya ɗumama an kashe mota, ruwan ya kwanta a ciki. Gobe a ƙara wani a kai. Ya ce littafin da masu ƙera mota ke haɗowa da ita yana lissafa gajeruwar tafiya, da ƙura, da yawan tsayuwa inji na aiki, a cikin aiki mai tsanani, yana kuma umartar a riƙa juye da wuri, sau da yawa a rabin wa'adin da aka saba. "Direban da ke Kano zuwa Kaduna kullum," in ji shi, "motarsa ta fi taka tsabtar ciki."

Muka wuce Zango da Palladan, muka faɗa cunkoson Kwangila, inda babban titin Kaduna zuwa Kano ke ratsa titin Sakkwato. Tirela ta gitta, Keke Napep sun cusa kai ta ko'ina, masu rake da masu burodi suna bin tagogi. Minti goma muna tsaye, jar fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Ina ta salati a zuci har hanya ta buɗe.

Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya kafa shi. Da layin dogo ya iso Zariya wajajen 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka sauka kusa da tasha, nesa da ganuwar birni, kantunan Turawa suka biyo baya. Sunan PZ ma daga kantin Paterson Zochonis ya samo asali. Har yau in ka shiga layukan masu kayan gyaran mota za ka ji ana ciniki da Hausa, ana rantsuwa da Ibo, ana ba'a da Yarabanci, duk a shago ɗaya. Garejin da Malam ya kai ni yana bayan irin waɗannan layuka ne, ƙarƙashin wata darbejiya, ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta zama kamar daɓe.

Mai garejin dattijo ne gajere, ya ce ya koyi aiki tun zamanin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗora bakin sukundireba a kan inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido.

"Kashe, Alhaji. Sama ba ta samun mai."

Yaransa suka kwance murfin saman inji. Gani ya kori ji. Inda ya kamata in ga ƙarfe yana sheƙi, wani baƙin abu na gani ya lulluɓe komai, mai kauri kamar kunun da ya kwana. Maigidan ya sa yatsa ya kwarfo, abin ya tsaya a yatsan bai ɗiga ba. Suka ɗaga motar suka kwance farantin ƙasa, wanda suke kira botom filet, suka ciro rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Ya ɗaga ta sama yana nuna mini: in ban da wani ɗan gefe, ko haske ba ya ratsa ta. Mai yana nan a cike kamar yadda geji ya faɗa, hanyar hawa ce ta toshe.

"Allah Ya rufa maka asiri," in ji shi. "Sati ɗaya nan gaba da inji ya buga."

Malam ya tsuguna kusa da farantin kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ya ce dattin inji iri uku ne, kowanne da inda yake taruwa. Wannan mai kama da kunu na wuri mai sanyi ne, haɗin ruwa da kunkunniya da man da ya lalace. Ya goge wani ƙarfe da tsumma ya nuna mini launin ja-ja da ya kama jikinsa ya ƙi fita, kamar lalle a tafin hannu: wannan na wuri mai zafi ne, siriri ne amma yana sa ƙananan sassa su riƙa maƙalewa. Na ukun sai da maigidan ya tono wani tsohon fistan daga tarin ƙarafa. Zobbansa sun kafe a cikin raminsu, wani busasshen baƙin abu ya cike gurbin, ko da bakin wuƙa sai an kankare. A wannan ramin zafi kan haura digiri 200, man da ya maƙale a nan toyewa yake yi.

"Ƙanzo ke nan," in ji maigidan. "In zobe ya kafe haka, sai hayaƙi da shan mai."

Aka bar yara suna wanke sassan da aka kwance da kananzir da buroshi, mu kuma muka nufi layin masu sayar da mai. A bakin hanya wata mata tana kwashe ƙosan ƙarshe. Malam ya tsaya ya saya, amma kaskon yake kallo. Man ciki ya yi duhu ya yi kauri, gefen kaskon kuma ya yi wani danƙo mai launin ƙasa wanda kowace mai suya ta san sabulu ba ya fitar da shi. Ya ce abin da ke faruwa a inji ke nan. Zafi da iskar oksijin suna taruwa a kan mai, su farfasa shi, gutsattsarin su zama asid, wasu su sarƙe da juna su zama danƙo. Masana mai suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin wannan lalacewa. Shi ya sa kariyar farko da ake zuba wa baƙin mai ita ce sinadaran da ke tare wannan sarƙa tun ba ta yi nisa ba. Mafi shahara a cikinsu shi ne ZDDP, haɗin zink da fosfaras da sulfa, wanda aka fara amfani da shi a shekarun 1940. Aiki biyu yake yi: yana rage wa mai saurin tsufa, yana kuma shimfiɗa wata 'yar fata a kan ƙarfe inda gugar ta fi tsanani.

Shagon da muka shiga na wani Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Galan-galan sun hau har rufi, na kamfanonin waje da na gida, har da wanda ake haɗawa a Kano. Na ba shi labari, ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da kwalba biyu ya ce in gwada. Na yi abin da kowa ke yi: na ɗiga a yatsa na murza, na ɗaga na ga yadda yake zare. Na farko ya fi kauri, ya fi haske. Na nuna shi.

"Yallaɓai, ka sake saye," in ji shi. "Wannan bes ne tsura. Na ajiye shi ne don irin wannan gardamar."

Bes shi ne gundarin man da matata ke fitarwa, kafin a zuba masa komai. Shi ne kaso mafi yawa a kowane galan. Kayan haɗin kuwa, dangane da irin man, sukan kama daga kashi ɗaya cikin goma zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kuma su ne masu tsada. Wanda ya sayo bes a duro ya auna maka a kwalba ya tsallake wannan kuɗin ne, kai kuma ka ga araha. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta daɗe tana gargaɗi a kan sayar da bes da sunan man inji. Malam ya ƙara da cewa abin takaici ne, domin kilomita 80 kacal daga inda muke tsaye akwai matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, aka ƙara mata sashen yin bes a 1983. Ɗanyen man Najeriya bai dace da wannan aikin ba, don haka tun farko an tsara sashen ne a kan ɗanyen mai mai nauyi da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait. Sashen ya daɗe a kwance, masu haɗa mai a ƙasar nan daga waje suke sayo bes. Kayan haɗin ma haka: kamfanoni huɗu ne suka riƙe yawancin kasuwarsu a duniya, Lubrizol, Infineum, Chevron Oronite da Afton. Galan ɗin da aka cika a Legas ko Kano, abin da ke tsare injin a cikinsa ya ƙetaro teku.

Na ce to, Malam, mene ne a cikin wannan ɗan kason da har rashinsa ya mai da injina tukunyar kunu?

Ya ce in ban da masu hana tsufa, manya biyu ne. Na farko sabulu ne, kuma ba misali yake yi ba. Yadda ake haɗa mai da ruwan toka a sami sabulun salo, haka ake haɗa wasu asid masu narkewa a mai da kalsiyam ko magniziyam, a sami abin da ake kira salfonet, ko finet, ko salisilet, wanda ɗan'uwan asfirin ne ta wajen asali. Kowace ƙwayarsa tana da kai mai son manne wa ƙarfe da datti, da doguwar jela mai son mai. Kan ya kama jikin fistan mai zafi ya riga danƙo zama a wurin, ya kama ƙananan datti ya hana su liƙewa. Sannan ana cusa wa wannan sabulu alli a ciki, ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani.

"Me uwargida ke yi in gasara ta yi tsami?"

"Ta jefa kanwa."

"To allin nan shi ne kanwar inji."

Duk asid ɗin da ya sauko daga ɗakin wuta, ko ya fito daga lalacewar man, allin ne ke kashe kaifinsa kafin ya ci ƙarfe ko ya dafa mai ya zama danƙo. Kuma kamar kanwa, ƙarewa yake yi. Yawan sulfa a cikin fetur ko gas yana saurin cinye shi. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan man da ake sayar wa Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Najeriya ta yarda gas ya ɗauki sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai iyakar 10 ce. Injin da ya sha irin wannan, kanwarsa ba ta kai wa'adin da aka rubuta don titunan Jamus.

Na biyun, in ji shi, shi ne wanda ya fi shafar matsalata. Ba shi da ƙarfe a jikinsa, jelarsa kuma ta fi ta sabulun tsawo nesa. Mafi yawan wanda ake amfani da shi ana kiransa saksinimaid. Aikinsa aikin mai dama fura ne: hana gudaji. Ƙwayar kunkunniya ɗaya ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta iya toshe komai, tana wucewa ta cikin filta ma. Ɓarnar tana farawa ne in ta sami 'yan'uwanta suka dunƙule. Sinadarin sai ya kewaye kowace ƙwaya, kawuna a ciki, jeloli a waje, ta yadda biyu ba sa iya haɗuwa. Haka za su yi ta yawo a cikin man, ba su kwanta ba, har ranar juye su fita tare da shi.

Nan na yi shiru, domin na ga inda maganar ta nufa. Man da ke ɗauke da kunkunniya dole ya yi baƙi. Nawa da yake zama garau wata biyu, ba ya ɗaukar komai ne. Dattin yana sauka, yana ratsa shi, yana kwanciya a ƙasa da saman inji, geji kuma yana fito mini da fari ina murna. Shekara biyu ina yabon ɗan aikin da ke share ɗaki yana tura sharar ƙarƙashin gado.

Mai shagon ya juya galan ya nuna mini bayansa. Lambar da kowa ke tambaya, 20W-50 ko 5W-30, kauri kawai take faɗa, a sanyi da a zafi. Wadda ke faɗin ƙarfin kayan haɗi ita ce ta API, cibiyar man fetur ta Amurka: harafin S na injin fetur, C na injin gas, harafi na biyu kuma yana hawa da zamani. SL na 2001 ne, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Can ƙasan jerin akwai SA, man da babu komai a cikinsa, wanda cibiyar da kanta ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Bes tsura a wannan aji yake. Ashe abin da nake zuba wa motata abincin motocin zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim ne.

Malam ya ce duk wannan ilmi wahala ce ta koyar da shi. A shekarun 1930 injinan gas na kamfanin Caterpillar suka riƙa kafewar zobba saboda ƙanzo, irin na fistan da muka gani, har kamfanin ya haɗa kai da Standard Oil ta Kalifoniya aka fito da man Delo a 1935, ɗaya daga cikin na farko masu sabulu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da motoci suka cika biranen Amurka ana gajerun tafiye-tafiye ana tsayawa, sai aka ga sabulun yana tsare wuri mai zafi amma kunu yana taruwa a wuri mai sanyi, daga nan aka shiga neman masu hana gudaji, suka yaɗu a shekarun 1950 da 1960. Ko a kusa ma matsalar ba ta mutu ba: a 2007 Toyota ta yi sulhu a kotu da masu motoci a Amurka a kan taruwar irin wannan kunu a wasu injinan Camry da Sienna da wasunsu na 1997 zuwa 2002. Motocin wancan zamanin su ne suka cika titunanmu bayan sun gama aiki a can.

Na sayi galan a rufe da sabuwar filta muka koma gareji. Maigidan ya karɓa ya jijjiga, ya taɓe baki, ya ce wannan ruwa ne, tsohon inji sai mai kauri, a ƙara masa gwangwanin tiritmen ɗaya. Nan gardama ta tashi, yara suka bar aiki suka kewaye mu. Malam ya ce ya yarda injin da ya sassauta yakan yi shiru in ya sami mai kauri, fitila ma ta mutu, amma kauri ba ya wanke komai, kuma da sanyin safiya shi ne ke jinkirin isa sama. Yawancin abin da ke cikin irin wannan gwangwani mai ƙara kauri ne. Ya ce kayan haɗin galan an auna su ne daidai da juna, domin sabulun da ZDDP duk wuri ɗaya suke nema a jikin ƙarfe, in ɗaya ya yi yawa sai ya ture ɗayan. Sabulun kuma da ya ƙone toka yake bari. Shi ya sa ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da mai yake yawan kashe fulogi in an zuba masa man mota a maimakon nasa.

Maigidan bai ce ya yarda ba, ya dai ajiye gwangwanin. Da Malam ya kawo shawarar a zuba maganin wanke inji a tayar na ɗan lokaci, sai shi kuma ya girgiza kai.

"A'a, Malam, nan kuma bar mini. Injin da ya yi irin wannan kunu, in ka sake shi gaba ɗaya, ɓaɓɓakewa zai yi ya sake toshe rariyar kafin su kai Kwangila. Na gani ba sau ɗaya ba. Mun wanke abin da hannu ya kai. Sauran a bar wa man ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, a yi juye da wuri sau biyu ko uku, kowane juye da sabuwar filta."

Malam ya yi jim, ya ce, "Maigida, ka fi ni gaskiya." Daga nan suka zama abokai. Tare suka gano cewa an cire wa motar tamostat, an kuma haɗa fanka kai tsaye, aikin da ake yi wa kusan kowace 'yar Kwatano da sunan ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ga shi kuma ni ba na nisa. Aka sayo wani aka mayar. Da aka gama juye, maigidan ya ɗauki wuƙa ya huda galan ɗin a gindi kafin ya jefar. Ya ce akwai masu bi suna sayen galan marar komai, kuma ba ruwa suke zubawa a ciki ba.

La'asar sakaliya muka kamo hanya. Inji ya yi shiru, fitila ta mutu. Daidai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda ke nan tun 1964, wani ƙaramin jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa ta samanmu. Malam ya bi shi da kallo ya ce ƙananan jirage masu injin fistan da ke shan fetur ba a zuba musu man mota, saboda tokar sabulun nan tana iya taruwa a ɗakin wuta ta yi jajir ta kunna fetur kafin lokaci. Mansu mai hana gudaji ne marar toka. Abin da ke ceton injin tirela shi ne abin tsoro a sama. Na ce ashe dai kowane allazi da nasa amanu.

Muka tarar da takardar a inda muka bar ta, ƙura ta ɗan hau kanta. Ɗigon ya bazu ya kai faɗin kwabo. A tsakiya akwai ɗan baƙin tabo ƙarami mai kaifin gefe, har da ɓurɓushi, kewaye da shi kuma fili ne mai haske, mai kawai ya jiƙa takarda. Malam ya ce man ya tafi ya bar kayansa a baya, abin da yake yi a cikin inji ke nan. Mai lafiya yana tafiya da dattinsa, tabon ya fito da faɗi, launinsa ya baje. Ya gargaɗe ni kada in juya kuskuren: baƙi kaɗai ba shaidar kyau ba ne, man da ya gaji ya wuce wa'adi shi ma baƙi ne, kuma in kayan haɗinsa suka ƙare zai sauke duk abin da ya ɗauka. Launi ba ya faɗin ranar juye. Kilomita da watanni ne ke faɗa, da irin tafiyar da mota ke yi.

Sati uku bayan haka na zaro geji da safe, man ya yi duhu kamar shayin da aka manta a wuta. Babban ɗana yana tsaye, ya ce, "Baba, an sake cutar ka." Na aike shi ya samo farar takarda, na ɗiga, muka ɗora a taga. Da yamma tabon ya baje, toka-toka tun daga tsakiya har kusan baki. Na kai wa Malam har zaure. Ya ɗaga ta ya duba a hasken fitila, ya miƙo mini, ya ce ranar Asabar in shirya mu je Kaduna gaishe da 'yarsa, motar ma tana bukatar ta yi gumi.